An Sace Wayata, Hotunana Sun Dawo: Wa Kuma Yake Ganinsu?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina koyarwa a wata firamare a nan Jos. Watan jiya aka zare min waya a cikin keke tsakanin Taminus da Bauchi Road. Na je na yi welkam bak na layina, maigida kuma ya sayo min wata wayar. Da ƙanena ya saka tsohon imel ɗina a ciki, sai ga hotuna suna ta fitowa, har na shekarun baya da na manta da su. Da farko murna na yi, don akwai na sunan autata, da takardun makarantata, da katin NIN, da takardar filinmu. Amma da na ci gaba da dubawa sai jikina ya yi sanyi. Akwai waɗanda na ɗauka a ɗaki ko ɗankwali babu, akwai na ƙawayena ranar kamu, akwai sakamakon asibiti da ko mahaifiyata ba ta san da shi ba. Ni ban taɓa tura su ko'ina ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ba ni na buɗe imel ɗin ba. Yaron shagon da muka sayi wayata ta farko ne ya buɗe min, ya sa lambar wayata ta zama kalmar sirri, kuma har yau ban canza ba. Maigida ya ce in goge komai, in rufe imel ɗin, in koma ajiya a memori. Yayata ta ce in daina wahalar da kaina, kowa haka yake. Ni dai barci ya ƙaurace min. Me zan yi?

Ƙanwarki daga Rikkos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya kwantar miki da hankali.

Kada ki goge komai yau, kuma kada ki rufe imel ɗin. In har wani ya riga ya kwashi hotunan, gogewarki ba za ta ƙwato su daga hannunsa ba. In kuma babu wanda ya taɓa su, to takardunki kawai za ki yi asara. Akwai aikin da ya riga gogewa, kuma a zama ɗaya bayan la'asar za ki iya gama shi.

Ga yadda hotunan suka dawo. Wayar Android tana zuwa da manhajar Google Photos. Ranar da aka kunna wayarki ta farko, tambaya ta fito ko a riƙa ajiye kwafin hotuna, yaron shago ya danna amincewa da sauri kamar yadda suke danna komai don layin masu jira ya ragu. Tun daga ranar, hoton da kika ɗauka kwafinsa yana tafiya ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin Google, waɗanda ke jibge a manyan gine-gine a ƙasashe daban-daban. Kowane imel na Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda saƙonni da hotuna da takardun Google Drive suke rabawa. Masu iPhone nasu iCloud ne, gigabait 5. Ki ɗauke shi kamar sito ne kika kama a kasuwa: ginin yana da ƙwari, masu gadi ba sa barci, amma mai ginin yana da nasa makulli, kuma duk wanda ya zo da naki makullin, mai gadi ba zai tambaye shi ko shi wane ne ba.

Maganar mai ginin gajeriya ce, amma ya kamata ki sani. Google yana adana kayanki a dagule ta yadda ɓarawon da ya sace kwamfutarsu ba zai iya karantawa ba, sai dai abin warwarewar yana hannunsu. Ba wai wani ma'aikaci ne ke zaune yana kallon hotunan matan Rikkos ba. Na'ura ce ke bin kayan, ita ce ke gane fuskoki ta haɗa miki hotunan yaro ɗaya wuri guda, ita ce kuma ke neman abin da ya saɓa dokarsu. Hukuma ma tana iya zuwa da takardar kotu ta nema, kuma tun 2018 Amurka ta yi dokar da ta ba ta damar tilasta wa kamfanoninta miƙa bayanai ko da a wata ƙasa suka ajiye su. Malamar firamare ba ta cikin waɗanda wannan zai hana barci. Abin da ya shafe ki a nan ɗaya ne, kuma iyaye mata ba su cika saninsa ba. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Faransisko da ya ɗauki hoton gaban ɗansa da ya kumbura don a nuna wa likita. Hoton ya hau ma'ajiyar Google, na'ura ta ɗauke shi a matsayin hoton lalata da yara, aka rufe masa imel da duk abin da ke ciki. 'Yan sanda sun bincika sun wanke shi, amma kamfanin bai buɗe masa ba. Mu nan da muke ɗaukar yaro yana wanka a baho, ko bayan kaciya don a tura wa kaka, sai a kula.

Yanzu ga inda matsalarki take. Kalmar sirrinki lambar wayarki ce. Duk wanda kika taɓa ba lamba, daga mai kai yaranki makaranta zuwa iyayen ɗalibanki, yana riƙe da rabin abin da ake buƙata, saura adireshin imel, wanda shi ma kin rubuta a fom nawa ne. Ɓarawon da ya ɗauki wayar ya tafi da sim ɗinki da kuma wayar da imel ɗin yake buɗe a cikinta. Yawancinsu ba hoto ne a gabansu ba, banki suke fara lalubawa, daga nan su wanke wayar su sayar. Amma ba a zama a kan yawanci.

Ko mashahuran matan fim na Amurka da aka watsa hotunansu na sirri a 2014, ba ginin Apple aka fasa ba. Saƙonnin ƙarya aka tura musu kamar daga kamfani suke, suka rubuta kalmar sirrinsu da hannunsu, kuma daga baya an ɗaure wasu daga cikin waɗanda suka yi. Ta ƙofa ake shiga, kusan kullum.

Saboda haka ki zauna da wayar, ke kaɗai ko da wanda kika yarda da shi, ki shiga myaccount.google.com, sashen tsaro. Ki fara da canza kalmar sirri, ke da hannunki, ba ƙanenki ba. Ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ki cusa lambobi a tsakani. Tsawo ya fi wuyar karyawa a kan ƙwalisa. Ban da sunan autarki, ban da shekarar aurenki, ban da 786, kuma kada ta zama ita ce ta Facebook ɗinki, domin in aka samu ɗaya sai a gwada ta ko'ina.

Daga nan ki gangara inda aka rubuta lambar waya da imel na dawo da asusu. Nan ne na fi so ki buɗe ido. Yaran shago da yawa, don gudun jiran saƙo ya shigo wayar mai saye, lambarsu suke sawa. Ba lallai da mugun nufi ba, gaggawa ce. Amma muddin lambarsa ce a wurin, ko kin canza kalmar sirri sau goma zai iya cewa ya manta, a tura masa lambar shiga. Kuma ko shi ya manta da ke tuntuni, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi, ya faɗa hannun wanda ba ki taɓa gani ba. Ki cire duk lambar da ba taki ba, ki sa taki. Ki sake leƙawa bayan mako guda, don wani lokaci Google kan ci gaba da amincewa da tsohuwar lambar na 'yan kwanaki.

A wannan sashen dai akwai jerin na'urorin da imel ɗinki yake buɗe a cikinsu, da sunan kowace waya da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Wannan jerin shi ne mafi kusa da amsar tambayar da ke hana ki barci. Za ki ga wayar da aka sace, wataƙila da ta farko da kika ba wata ƙanwa ko kika sayar, wataƙila da wata kwamfuta ta shagon buga takardu inda kika taɓa shiga don fitar da wata takarda kika tashi ba ki fita ba. Ki fitar da kowace, ki bar ta hannunki kaɗai. In wayar da aka sace tana nan a jerin, kafin ki fitar da ita, ta manhajar neman waya ta Google za ki iya ba da umarnin a wanke ta, kuma umarnin zai yi aiki duk ranar da ta hau intanet in ba a riga an wanke ta ba. Kada sunan gari ya firgita ki. Kina zaune a Rikkos yana iya nuna Legas ko Abuja, saboda hanyar da kamfanin layi yake bi da data. Sunan wayar da ba ki sani ba shi ne abin dubawa.

Sai ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ko mutum ya san kalmar sirri ba zai shiga ba sai an tambayi wayar da ke hannunki. Zai ba ki lambobin ko-ta-kwana guda goma, kowace mai alƙaluma takwas. Ki kwafe su a takarda da biro, ki sa inda kike ajiye takardun haihuwar yara. Kada ki ɗauki hotonsu, don hoton zai hau wurin da kike ƙoƙarin kullewa. Ki sa wa sim ɗinki ma lambar kulle, amma ki nemo fakitinsa tukuna, domin in kika kuskure sau uku sai da lambar PUK da ke jikinsa zai buɗe. Biyu suka rage, ƙanana: a Gmail ki duba ko an saita a riƙa tura kwafin saƙonninki zuwa wani adireshi, a Google Photos kuma ki duba ko akwai wanda aka haɗa ki rabon hotuna da shi. In duk wannan ya gagara saboda Google ya nace sai lambar yaron, to a nan ne za ki buɗe sabon imel da kanki, ki kwashe kayanki zuwa can, sannan ki share tsohon.

Bayan ƙofa ta kullu sai a zo tankaɗe da rairaya, kuma a nan ne ni da maigidanki muka haɗu muka rabu. Yana da gaskiya cewa akwai abin da bai kamata ya kwana a hannun wani kamfani ba. Inda ban bi shi ba shi ne memori. Da hotunanki a memori suke, da yanzu suna aljihun wanda ya zare miki waya, kuma memori ba ya tambayar kalmar sirri, a kowace waya aka zura shi buɗewa yake. Ga shi yana mutuwa ba sallama. Mutumin Jos kuwa ba sai an yi masa wa'azi a kan yadda takarda ke salwanta ba. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, da gidajen da aka ƙona a rikicin 2001 da 2008 da 2010, sun san mutanen da har yau suke yawon rantsuwa a kotu don shaidar karatu ko ta fili ta zama toka. Kwafin da ke ma'ajiyar intanet ba ya maye gurbin ta asali, amma yana riƙe miki lamba da kwanan wata da sa hannu, waɗanda da su ake neman wata.

Kowane abu ki yi masa tambaya biyu: in ya ɓace, yaya zan ji? In wani ya gani, yaya zan ji? Takardun makaranta da na fili da hotunan suna, ɓacewarsu ta fi ciwo, su zauna. Hotunan ɗaki, ganinsu ya fi ciwo, su sauka. Ra'ayina a kan waɗannan ba shi da sassauci: abin da ba za ki iya jure wani ya gani ba, kada ya zauna a na'urar da ke hawa intanet, ko da wane irin kulle aka yi miki alkawari. Hoton katin ATM gaba da baya, da hoton takardar da kika rubuta lambar BVN ko lambar sirrin banki, waɗannan ki share su gaba ɗaya, ba su da wani amfani sai ga ɓarawo. Katin NIN ana iya sake fitar da shi, ba dole ya zauna cikin hotuna ba. Sakamakon asibiti ke kika san nauyinsa. In likita zai sake nema, takardar ta wadatar.

Hotunan ƙawayenki na ranar kamu kuwa ba naki ba ne ke kaɗai. Sun cire mayafi ne don suna cikin mata, ba su san hoton zai yi shekaru a imel ɗin da lambar waya ke buɗewa ba. Amana ce. Wanda mai shi ba za ta so mijin wata ya gani ba, ki tura mata kayanta in tana so, ki goge naki.

Wajen gogewar akwai tarko biyu. Kashe ajiyar kwafi yana hana sababbin hotuna hawa ne kawai, waɗanda suka riga suka hau suna nan. Sannan in kika goge hoto a cikin Google Photos, yana gogewa ne a sama da kuma a wayar, ya koma kwandon shara ya yi makonni kafin ya tafi. Don haka wanda kike so ki riƙe, ki fara sauke shi zuwa filash ko kwamfutar gida, ki tabbatar ya buɗe a can, sannan ki goge, ki shiga kwandon ki zazzage shi da hannunki.

Kada ki manta da WhatsApp, domin a ganina sirrin da ke cikinsa ya fi na hotuna yawa. Saƙon da ke tafiya tsakaninki da yayarki a kulle yake tun 2016, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Amma kwafin hirarrakin da yake ajiyewa a Google Drive ba ya samun wannan kullen sai ke kika kunna. Tun 2021 suka kawo shi, yana cikin saitin hira, wurin ajiyar kwafi, da sunan End-to-end encrypted backup. Zai nemi ki sa kalmar sirri ko ya ba ki makulli mai alƙaluma 64. Ki sani in kika manta, babu mai iya buɗe miki, har su. Ki sa wa WhatsApp ɗin lambar mataki biyu mai alƙaluma shida, ki kuma duba jerin na'urorin da aka haɗa da shi. Kuma duk wanda ya kira ki ya ce daga grup ɗin makaranta ko na Islamiyya yake, za a yi taro ta intanet, ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki, ki kashe kiran. Da wannan dabarar ake ƙwace WhatsApp ɗin mutane a bi 'yan uwansu da roƙon kuɗi. Haka manhajojin bashi na waya: sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin mutane su tozarta wanda ya makara da biya, har a 2023 Google ya hana irinsu da ke Play Store taɓa hotuna da lambobin waya. Amma manhajar bashin da aka turo miki ta WhatsApp aka ce ki sauke, ba ta bi ta wannan shingen ba.

Yayarki ta ce kowa haka yake. Gaskiya ne, kuma shi ya sa abin yake yawan faruwa. Akwai doka, ba a ce babu ba. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC a Abuja, ta kuma ba ki haƙƙin tambayar kamfani abin da ya tara a kanki da neman ya goge. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Wannan yana ladabtar da kamfanoni. Hoton da ya riga ya shiga grup uku a unguwa kuwa, babu hukumar da za ta tattaro miki shi.

Game da yaron shago, kada ki je ki tsare shi, kada kuma maigida ya je. Ba ki da shaidar ya taɓa shiga, kuma mai yiwuwa ya buɗe wa ɗaruruwan mutane imel a kan tsari ɗaya ya manta da fuskokinsu. Zuwa da faɗa zai tuna masa da abin da ya manta ne kawai. In dai kin cire lambarsa kin canza kalmar sirri, kin gama da shi.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, wata rana wani ya turo miki ɗaya daga cikin hotunan yana neman kuɗi, kada ki tura ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake. Kada ki goge saƙon, ki ɗauki hoton allon da lambar da asusun bankin da ya bayar. Ki gaya wa maigida a ranar, tun kafin ya ji a bakin wani, don duk ƙarfin mai barazana yana cikin tsoronki na kada gida a sani. Shiga asusun mutum ba izini da yi masa barazana ta intanet laifuka ne a dokar laifukan intanet ta 2015, kuma rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman a Abuja don irin wannan, ban da ofishinsu da ke kusa da ke.

Da maigida kuma, ina ganin ba gardama za ki yi da shi ba. Ki gama aikin, ki nuna masa jerin na'urorin da ya rage waya ɗaya, ki nuna masa abin da kika sauke da abin da kika bari da dalili. Ku yanke shawara tare a kan takardar filin, tunda ta ku biyu ce. Akwai kuma saitin da Google ya tanada inda za ki zaɓi mutumin da za a ba damar sauke wasu kayanki in asusun ya yi watanni ba a taɓa shi ba. Ke za ki zaɓi watannin, ke za ki zaɓi abin da zai gani, kina iya ba shi takardun Drive ki hana shi hotuna. Yana da kyau a cika shi, domin tun Disambar 2023 kamfanin ya fara share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke ciki.